RA'AYINMU: Numfashin jariri ba ya jiran a tashi daga kasuwa

A duk tsawon iyakar nan tamu, tun daga Gaya da Kamba, a biyo ta Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Matamai da Kwangwalam, har a dangana da Maigatari, akwai wani labari da ake yawan ji a rumfuna idan ɗan kasuwa ya dawo daga zaman makoki. An haihu lafiya, an yi suna an ci an sha, bayan kwana uku ko huɗu yaro ya fara numfashi sama-sama, ya ƙi kama nono, kafin a ankara ya koma. Sai wani ya ce sanyi ne ya shige shi, wata ta ce baki ne, tsofaffi kuma su ce daman ba mazauni ba ne. A yi addu'a, a watse, kowa ya koma bakin kayansa. Rai a hannun Allah yake, babu mai ja da wannan, to amma wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za mu tsaya mu tambayi kanmu me ke faruwa da jariranmu a mako na biyu da na uku na rayuwarsu, musamman waɗanda numfashi ke yi wa gardama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2022 jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya tun ba su cika wata ɗaya ba, kuma yankinmu na Afirka kudu da Sahara shi ne kan gaba, inda ake rasa 27 a cikin kowace haihuwa 1,000. Mafi yawan waɗannan mace-mace sun samo asali ne daga haihuwar bakwaini, da wahalar naƙuda da ke hana yaro shaƙar iska da wuri, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini ko huhu. A cikin wannan rukuni na ƙarshe akwai wata cuta da ba a cika ambatonta a wajen awo ko a gidajen rediyo ba, ita ce likitoci ke kira harpes, kuma a kanta muke son yin magana yau.

Kowa ya san ta, sunanta ne kawai baƙo. Ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa mutum a gefen leɓe bayan ya sha zazzaɓi ko rana ta buge shi a hanya, waɗanda muke cewa zazzaɓi ne ya fita, su ne nau'i na farko. Nau'i na biyu ya fi fitowa a al'aura, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa. A ƙiyasin OMS na shekarar 2020, mutum biliyan 3.8 ƴan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin 100, suna ɗauke da nau'i na farko, yayin da mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da na biyu, kuma a Afirka ne na biyun ya fi yawa. Idan ƙwayar ta shiga jiki ba ta fita, sai ta laɓe a cikin jijiya, ta taso lokaci lokaci ta koma. Yawancin masu ita ba su ma san suna da ita ba, kuma tana iya fita a yawu ko a fata ko da ba a ga ƙurji ba. Ga babba, abin bai wuce ƙaiƙayi da raɗaɗi na ƴan kwanaki. Ga jaririn da bai yi arba'in ba, wanda garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, ƙwayar nan tana iya zama ajali.

Gaskiya ɗaya ce, ba kasafai take kama jarirai ba. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2017 ya nuna kamar jariri 10 ne a cikin haihuwa 100,000, abin da ya tasam ma jarirai 14,000 a shekara a duniya baki ɗaya. Saboda haka ba muna cewa duk jaririn da ya yi haki harpes ke damunsa ba. Abin da ya sa muka ware mata wannan shafi shi ne maganinta daban yake da na sauran, allurar da ake yi wa jariri mai ciwon awazai ba ta taɓa ta ko kaɗan, sannan hanyoyin da take bi ta isa ga yaro hanyoyi ne da ke hannun magidanci da ƴan barka.

Likitoci sun ce a cikin jarirai 100 da suka kamu, kimanin 85 a lokacin haihuwa suke ɗauka, sa'ad da suke ratsowa ta gaban uwa, kimanin 10 bayan an haife su daga bakin wani ko hannunsa, ragowar 5 tun suna ciki. A nan akwai wani abu da ya kamata kowane magidanci ya fahimta da kyau. Matar da ta daɗe da cutar tun kafin ta ɗauki ciki, jikinta ya riga ya haɗa garkuwa, kuma garkuwar nan tana bi ta mahaifa ta isa ga yaro, shi ya sa haɗarin kamuwarsa ƙanƙane ne ƙwarai. Wadda ke cikin haɗari ita ce wadda ta kamu a karon farko a watannin ƙarshe na cikinta, domin naƙuda za ta riske ta jikinta bai gama haɗa garkuwar da zai ba yaro ba, ga kuma ƙwayoyin da yawa a gabanta. A irin wannan hali, jariri 30 zuwa 50 a cikin 100 na iya kamuwa.

To daga ina mace mai ciki wata takwas, wadda ke zaune a ɗakinta, za ta ɗauki sabuwar cuta? Ba mu son ɓata wa kowa rai, amma mun san sana'armu. Fatake da direbobi da dillalan dabbobi suna yin mako biyu, uku, wani lokaci wata, tsakanin Kwatano, Legas, Kano da Agadas. Da yawa suna kama kansu, Allah ya ƙara musu tsoronsa. Wasu kuwa ba sa yi, kuma tashoshi da masaukai sun shaida. Akwai kuma wanda bai aikata komai a hanya ba, tun yana saurayi ya ɗauka, ko daga auren da ya yi a baya, ya zo ya auri yarinya da ba ta taɓa kamuwa ba, ko kuma cutar ta zaga tsakanin kishiyoyi ba tare da kowa ya sani ba. Shi ya sa neman mai laifi ba zai kai mu ko'ina ba, kuma muna gargaɗin mazan da za su karanta wannan su koma gida su tuhumi matansu da su yi hattara, domin sau da yawa daga wajen namiji abin ya fito. Abin da ke da amfani shi ne, duk magidancin da ya san yana samun ƙuraje masu ruwa ko gyambo mai zafi a gabansa, wanda kan warke ya dawo, ya ƙaurace wa shimfiɗar matarsa mai ciki a watanni uku na ƙarshe, ko da a lokacin ba ya ganin komai. Kwaroron roba yana rage haɗari amma ba ya kawar da shi duka, tunda ba ko'ina yake rufewa ba. Wata uku ba shekara uku ba ce. Mutumin da ke iya ajiye buhun wake wata shida yana jiran farashi ya tashi, ba zai ce wannan haƙuri ya fi ƙarfinsa ba.

Ita kuma mai ciki, idan ta ga ƙuraje ko ta ji zafi da ƙaiƙayi a gabanta, ta faɗa wa ungozomar asibiti a wajen awo, kada kunya ta hana ta. Akwai ƙwayoyin da likita ke rubuta wa mai wannan matsala daga mako na 36 na ciki don hana ƙurajen tasowa lokacin haihuwa, kuma idan naƙuda ta zo alhali ƙurajen suna nan, tiyata ita ce hanyar da ta fi kare yaro. Mun san yadda ake gudun tiyata a gidajenmu, har a mai da ita abin gori ga mace. Amma mace ba za ta iya yanke wannan shawara ita kaɗai ba in maigida yana Malanbil ya kashe waya. Kafin ka ɗauki hanya, ka bar izini a bayyane ga wanda zai tsaya mata.

Sai mu zo ga barka da suna, inda muke ganin an fi sakaci, kuma inda gyara ya fi sauƙi. Daga ranar da aka haihu har zuwa ranar suna, jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu kamar kuɗin cefane. Kowace ƴar barka sai ta karɓa, ta sumbace shi a kumatu ko a baki, wata ta tofa masa addu'a a fuska, wata ta sa yatsa a bakinsa don ta ga ko yana tsotso. Duk ƙauna ce ta kawo haka, ba mu musu. Amma a cikin mata arba'in da suka cika ɗaki, idan lissafin OMS ya tabbata a kanmu, fiye da rabi suna ɗauke da ƙwayar a jikinsu, kuma ya isa a sami ɗaya mai ƙurji ɗanye a leɓe. Mai jego kuwa ba ta da bakin da za ta ce wa uwar miji ko gwaggo kada ta taɓa yaro. Wanda zai iya faɗin wannan magana ba tare da an yi rigima ba shi ne uban yaro ko kakarsa, kuma a ganinmu wajibinsu ne su faɗa: mai ƙurji a baki ko a yatsa, da mai mura, su yi barka daga bakin ƙofa, sauran kuma su wanke hannu da sabulu kafin su ɗauka, a bar sumbatar jariri sai ya yi ƙwari. Addu'a tana isa inda aka aike ta ko babu yawu.

Haka nan batun tauna dabino a shafa wa jariri a ganɗa. Abu ne mai asali a addini, kuma ba aikin jarida ba ne ba da fatawa. Roƙonmu ga malamai shi ne su duba wannan da idon basira, su bayyana wa jama'a a masallatai ko ana iya murje dabinon da hannu mai tsabta maimakon a tauna, tunda addini bai yarda a cutar da kowa ba. Ga wanda ke shakkar cewa yawu na iya yin wannan ɓarna, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto a 2012 cewa tsakanin 2000 da 2011 jarirai maza 11 sun kamu da harpes a birnin New York ta hanyar wata al'adar kaciya ta wasu Yahudawa inda mai kaciyar ke tsotse jinin da bakinsa, biyu daga cikinsu suka rasu. Al'adar ba tamu ba ce, amma darasin ya shafe mu, domin mu ma a ranar suna wanzami yana aski, yana tsaga, wani wuri har da cire beli, kuma duk inda aka yanka fatar jariri an buɗe wa cuta ƙofa. Cire belin ma kansa likitoci sun daɗe suna hana shi saboda zubar jini da shaƙewa.

Uwar da ita ce ke da ƙurjin a leɓe kada ta daina shayarwa. Ta rufe bakinta da takunkumi, ta wanke hannu kafin ta ɗauki yaro, ta bar sumbatarsa har ƙurjin ya bushe sarai. Sai in a kan nono ƙurjin ya fito ne za ta daina ba shi wannan ɓangaren, ta nemi shawarar asibiti.

Yadda cutar ke bayyana ga jariri iri uku ne. Wani a fata da ido da baki take tsayawa, a ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fito a gungu, sau da yawa a kai. Wannan shi ne mai sauƙi in an yi magani da wuri, in kuwa an bar shi yana iya zarcewa ciki. Wani ƙwaƙwalwa take kamawa, yawanci a mako na uku, yaro ya dinga barci ba ya farkawa shan nono, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Na uku shi ne mafi muni, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa, inda ƙwayar ke bin jini ta mamaye hanta da huhu. Wannan ya fi bayyana a kwana na 10 zuwa na 12 da haihuwa, wato daidai lokacin da baƙin suna suka watse, maigida ya koma kasuwa don ya mai da abin da rago da goro suka ci. Idan ta kama huhu, ƙananan jakunkunan da ke karɓar iska sai su kumbura su cika da ruwa, yaro ya shiga haki, ramin ƙirjinsa yana lotsawa ciki, hancinsa yana buɗewa, yana wani gurnani duk sa'ad da ya fitar da numfashi, leɓɓansa su yi duhu. Idan hanta ta taɓu, sai ido ya yi rawaya kamar shawara, jini ya ƙi tsayawa. Abin da ke ruɗar har ma'aikatan lafiya shi ne da yawa daga irin waɗannan jarirai ba su da ƙurji ko ɗaya a fata, wasu ma ba zazzaɓi, jikinsu sanyi yake yi, kuma mafi yawan iyayensu mata ba su taɓa sanin suna da cutar ba.

Ɗan kasuwa ba likita ba ne, ba a kuma neme shi ya gane wace cuta ce ba. Amma ya iya lissafi, kuma akwai agogo a wayarsa. A ɗaga rigar jariri lokacin da yake kwance ba ya kuka, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cikakke. In ya kai 60 ko ya wuce, a sake ƙirgawa, in an sake samun haka, to maganar asibiti ce a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Haka in ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya yi jijjiga. Waɗannan alamu ɗaya ne ko harpes ce ko wata ƙwayar cuta, kuma dukansu ba sa ba da bashin kwana. A kan hanya a saka shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su, a ci gaba da gwada ba shi nono. Kada a turara masa hayaƙi, kada a ɗura masa jiƙo ko rubutu, domin yaron da ke haki yana iya shaƙe duk abin da aka zuba masa a baki.

Abin takaici, a irin wannan lokaci ƙafar farko da ake takawa wajen mai maganin tebur take zuwa. Kasuwanninmu na iyaka cike suke da su, wasunsu ƴan uwanmu ne, maƙwabtan rumfa. Za a kawo musu labarin jariri ɗan kwana goma mai haki, su miƙa ruwan maganin mura da na zazzaɓi su karɓi jika guda. Kwana biyun da za a yi ana jiran maganin ya yi aiki su ne kwanakin da likita ke buƙata. Muna kira gare su da babbar murya: jaririn da bai yi wata biyu ba, ba abokin cinikinku ba ne. Ku ce a tafi asibiti, ku bar wannan riba.

Maganin cutar akwai shi, sunansa asiklobir, wanda wasu suka sani da sunan kamfani Zovirax, kuma yana cikin jerin magungunan dole na OMS. Ga jariri, ta jijiya ake ba da shi a asibiti, sau uku a yini, kwana 14 in a fata ta tsaya, kwana 21 in ta kai ƙwaƙwalwa ko ta bazu a jiki, bayan nan a ci gaba da na sha har wata shida. Man shafawa ko ƙwayar da ake sayarwa manya ba za su yi wannan aiki ba. Kafin a sami magani, kimanin 85 cikin 100 na jariran da cutar ta bazu a jikinsu mutuwa suke yi, da maganin kuwa adadin ya sauko zuwa kimanin 30. Har yanzu da yawa, amma bambancin ba kaɗan ba ne, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon tsira. Shi ya sa ƙa'idar likitocin yara ita ce in an yi zargin cutar a fara allura nan take ba sai sakamakon gwaji ya fito ba. Ga masu son lissafi, jariri mai kilo 3 miligiram 180 yake buƙata a yini, abin da bai kai kwalba ɗaya mai miligiram 250 ba.

A nan ne maganarmu ta juya ga mahukunta. Idan ba a manta ba, Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sannan kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006. Manufa ce mai kyau, kuma talaka ya amfana. Amma kyauta ba ta da ma'ana in uba zai karɓi takardar magani ya shiga gari yana bin farmasi ɗaya bayan ɗaya yana neman allurar da ba kowa ke ajiye ta ba, tunda ba a yawan saye. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin dalili: kayan da ba ya tafiya ba a sarin sa. Saboda haka wannan nauyi ba za a bar wa kasuwa ba. Muna kira ga ma'aikatun kiwon lafiya na ɓangarorin biyu su tabbatar akwai allurar asiklobir a ajiye, ko da kwalabe kaɗan ne, a duk asibitin da ke da ɗakin jarirai, daga Doso, Tawa, Maraɗi da Damagaram har Sakkwato, Katsina da Dutse, tare da iskar oksijin da wutar da za ta riƙe na'urarta. A kuma sa batun ƙurajen al'aura cikin tambayoyin da ake yi wa mata a wajen awo, a keɓe, ba a gaban layi ba.

Akwai kuma batun iyaka. Mutanen ƙauyukanmu asibitin da ya fi kusa suke nufa, ba sa duba tutar da ke kansa. Mun ga wahalar da marasa lafiya suka sha a lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ko a lokacin da hanya ke buɗe, shingaye suna da yawa, kuma da dare tsayuwa ta fi tsawo. Muna roƙon shugabannin duwan da jandarma da ƴan sandan ɓangarorin biyu su ba yaransu umarni a rubuce cewa motar da ta ɗauko jariri mai haki ko mace mai naƙuda a duba ta a sallame ta nan take.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa ma suna da abin yi da ba sai sun jira gwamnati ba. Kusan kowace kasuwa tana da sarkinta, kowane layi yana da adashinsa da asusun gudunmawar biki da mutuwa. A ware wani abu daga ciki don kuɗin mai, a yi yarjejeniya da direba ɗaya ko biyu a tasha waɗanda za a iya tasa da dare, a rubuta lambobinsu a manna a ƙofar ofishin ƙungiya, a kuma ba matan gida su ajiye, tunda su ne ke tare da jariri a ranar da maigida ya yi sammakon kasuwar Maigatari.